Keken Fata na Surajo

A Ajingi an yi wasu dukawa biyu, wa da ƙani, Surajo da Datti. Surajo ne mai kwaramniya. Shi ya je Kano shekara uku bayan samun mulkin kai, ya sayo tsohon keken ɗinkin fata daga wani kamfanin takalma da ya rushe, aka ɗoro shi a motar gyaɗa har Gaya, daga can aka ƙaraso da shi a amalanke. Baƙin ƙarfe ne mai dogon wuya, sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi, allurarsa kuwa tana huda fatar sa ninki uku kamar ganye. Da damina ta zagayo keken ya fara tsallake ɗinki. Surajo ya kwance cikin keken, ya zuba ƙarafan a kwalla, ya ce gobe zai mayar. Kafin goben zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida aka kai shi makwancinsa.

Shekara takwas keken yana zaure lulluɓe da buzu. Datti bai taɓa shi ba, shi ɗinkin hannu ya iya, basilla da zare. Amma da tsakar rana, idan gari ya yi tsit, yakan ji warin man keke ya cika zauren, kuma sau biyu ya tarar da buzun a zame, kamar an ɗaga an duba.

Shekarar da aka canja hannun tuƙi idon Datti ya fara yin yana. Gafakar da yake gamawa a kwana biyu ta koma mako guda, layin ɗinkin ma a karkace. Ya san in bai tada keken nan ba, dukanci ya ƙare a gidansu. Ya jiƙa ƙarafan a kananzir, ya goge tsatsa, ya jera su a tabarma, guda talatin da ɗaya. Mayar da su ne ya gagara.

Sai ya tuna keken ya zo ne da littafinsa, siriri, cike da zane. Surajo bai yi boko ba, amma yana gane zane. Datti ya birkice gida bai gani ba. Ya je Gaya, teloli suka ce nasu keken na yadi ne. Ya je Kano aka sayar masa da wani littafi, ya dawo ya tarar ko ƙoshiyar da ke ɗaukar zaren ƙasa ba iri ɗaya ba ce.

Daga ƙarshe ya nufi Gafasa, inda Hanne, matar marigayin, ta sake aure.

"Ƙanin miji, yau kai ne a gidanmu? Makanta ce ta ɓatar da kai hanya?"

"Littafin keke nake nema, Hanne."

Ta ajiye muciya, ta dube shi. "Kai da ka ɗinke shi da hannunka?"

Ta tuna masa. Bayan sadakar arba'in, mahaifiyarsu Inna Baiwa ta kawo masa takardu biyar a naɗe, an ɗaure su da zare, ta ce ya yi musu gida. Baduku ba ya buɗe abin da aka ba shi a naɗe, rufewa ce aikinsa. Ya yanka jar fata, ya ɗinke layu biyar ba tare da ya tambaya ba. Ashe Inna ce ta ga zanen, da'ira cikin da'ira da lambobi, ta ɗauka hatimi ne ɗanta ya bari, ta yayyage ta raba wa iyali don tsari.

Hanne ta ciro tata daga adaka. Biyu ya samu wajen 'yan'uwansa mata, ɗaya a saman ƙofar turken awaki. Ya farke su, ya shanya takardun. Akwai zanen feda, akwai na wili, akwai yadda ake zira zare. Na ƙoshiya ne babu. Ta biyar kuwa tana wuyan Inna, wadda ta tsufa, idonta ya rufe gaba ɗaya.

Ya same ta a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa.

"Inna, layar wuyanki nake so."

"Ta yayanka? Tun da na rataya ta ban yi mugun mafarki ba. Me za ka yi da ita?"

"Ba addu'a ba ce, Inna. Zanen cikin keke ne."

"Kullum bayan asuba yana duban takardar nan bakinsa na motsi. Ka taɓa ganin mai yi wa ƙarfe wuridi?"

"Ƙirga yake yi."

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu. Sannan ta zare igiyar ta kanta, ta miƙa inda ta ji muryarsa. "Wadda aka buɗe ba ta komawa wuya. Kai ka fi ni sani."

Zufar shekaru ta mai da fatar baƙa. Da ya farke, takardar ta fito da laushi kamar tsumma. Ya fita rana, ya kawo ta dab da ido. Ga ƙoshiyar nan a zane, kuma a gefen kowane ƙarfe akwai rubutun ajami da tawadar allo, hannun Surajo: wannan farko, wannan na biyu, wannan kada a matse shi da yawa. Datti ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, yana amsa "to" a hankali, ya manta shi kaɗai ne a zauren.

Bayan la'asar ya ɗiga mai, ya sa guntun fata, ya taka. Keken ya yi tari sau biyu, ya kama. Ƙararsa ta ratsa gidan, ɗinki ya fito a miƙe, ba tsallake ko ɗaya.

Yana cikin haka ya ji tafiya. Inna ce ta biyo bango har ƙofar zaure, wuyanta fayau.

"Surajo," in ji ta.

Surajo ɗan farinta ne, duk zamansa a duniya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Datti ya ɗauke ƙafa, keken ya tsaya.

"Kada ka tsaya mana. Ka ci abinci kuwa?"

Datti ya dubi fuskarta, ya gan ta a sake kamar ta wadda aka sauke wa kaya.

"Na ci, Inna," ya ce, ya mai da ƙafarsa kan feda.