Gizagon Bahago

Tun ranar da mutanen daji suka tafi da Munzali, ya je saran ƙirya bayan Kutemeshi, ba wanda ya ƙara jin muryarsa. Ba su kira waya ba, ba su nemi komai ba. Sai gizagonsa na sassaƙa ne ya dawo wata ranar kasuwa, naɗe cikin tsumman buhu.

Nababa mai gawayi ya kawo shi, tsohon nan da ke shiga daji da babur ya fito lafiya, mutane kuma suka koyi kama bakinsu. Ya ajiye shi gaban injin washin Mu'azu, wan Munzali, ya ce, "An ce a wasa."

Mu'azu ya gane shi tun bai ɗauka ba. Munzali bahago ne, kusurwar hagu ta bakin gizagonsa ke fara cinyewa. Ga ta kuwa a dakushe, da ɗanyen ƙaron itace manne a jiki. Mu'azu ya ɗago kai da murna.

"Baba, yana nan da rai ke nan?"

"Ni gawayi nake sayarwa," in ji tsohon, yana kallon hanya.

Ashe aiki suka sa Munzali. Ko turmi yake sassaƙa musu ko gindin bindiga, oho. Tun daga nan kowace kasuwa gizagon ke zuwa, yana warin hayaƙi da danshin daji. Matar Munzali, Bushira, takan tsaya gefen rumfa har Nababa ya wuce, sannan ta matso.

"Yaya, hannunsa ne?"

"Hannunsa ne."

Da wannan take rayuwa har wata kasuwar.

To amma shi injin washi mugun macin ƙarfe ne. Mu'azu kuwa da can mutum ne mai son a kalle shi, ya danna ƙarfe a dutse tartsatsi ya tashi har rufin kwano, ya kuma sha yi wa ƙanensa dariya don yana gugar gizago a dutsen babansu da ruwa kamar mai wankin gawa. Yanzu ya lura cewa duk washi sai ƙarfen ya ragu. Ranar da bakin gizagon ya ƙare, me za su yi da masassaƙin da ba shi da gizago? Tsoro ya shige shi. Ya so ya koma dutsen hannu, Nababa ya ce ba a ba shi lokacin jira ba. Ya so ya musanya da sabo, tsohon ya ce abin da ya fito da shi za shi mayar.

Sai Mu'azu ya koyi rowa. Ya rage gudun injin. Yana ɗan taɓa ƙarfen a dutse ya janye, ya tsoma a ruwa kada ya yi shuɗi ya mutu. Kowane tartsatsi da ya faɗi, ji yake kwanan ƙanensa ne ya faɗi.

Wata kasuwa bayan girbi, rana tsaka, Nababa ya zo bai ko yi sallama ba. Mu'azu ya warware tsumman, ya shafa bakin da babban yatsa yadda ya saba. Kusurwar hagu tana nan da kaifinta, yadda ya wasa ta. Ta dama ce ta dakushe. A ƙota kuma, gurbin da yatsan Munzali ya lotsa shekara da shekaru ya bushe ya yi ƙura, sabon maiƙon zufa ya fito a ɗaya gefen.

Hayaniyar kasuwa ta yi masa nisa. Janareta na ruri, dutse na juyawa, shi yana tsaye.

"Baba, wa ke sara da shi?"

Tsohon ya dube shi ido cikin ido, karo na farko. "An ce a wasa."

Baƙin ciki ya kama Mu'azu. Ya ɗaga gizagon zai danna shi da ƙarfi, inji ya cinye shi duka a huta. Sai ya ga sabon shatin yatsan nan, ɗan siriri, na wanda bai iya sara ba tukuna. Ko wane ne, shi ma akwai mai jiransa a wani gida. Ya ɗan taɓa ƙarfen a dutse ya janye, ya tsoma a ruwa.

Babur ya tashi. Bushira ta matso, ta buɗe baki za ta yi tambayarta, ta ga Mu'azu ya kashe injin da rana tsaka ya cire hularsa. Ba ta tambaya ba.