Bugu Saba'in da Ɗaya

"Saki hannuna, Iya Ursula, kar ki ja mini masifa," in ji Gervase Holroyd, mai kaɗa ƙararrawar cocin ƙauyen.

Tsohuwar ba ta saki ba. Kwana uku ko romo bai wuce maƙogwaronta ba, amma riƙon nan sai ka ce na ƙato.

"In na cika, shekaruna za ka buga," ta ce. "Saba'in da ɗaya, kamar yadda ake yi a da. Mutane su samu sararin yi wa raina addu'a."

"Fasto ya ce shida ga mace, daga nan shiru. Addu'ar matattu aikin Katolika ce, dokar Sarauniya ta hana. Kin manta Cuthbert da na gaji aikinsa? Yana kurkukun York har yau, a kan igiyar ƙararrawar nan."

"Ji shi! Ni na karɓi haihuwarka, da kunnuwan nan naka fatan-fatan. Yanzu kai ne za ka karanta mini doka?"

Ya zare hannunsa a hankali. Katanga ɗaya ta raba gidajensu shekara arba'in, kuma ko yau da safe 'ya'yansa huɗu tuffar bishiyarta suka ci. Da hantsi ta cika, bakinta na motsi da addu'ar Katolika ta harshen Latin da ba ya son ya ji. Matarsa ta rufe mata ido, ta dube shi, ta ce, "Ka tuna da yara."

Ya tarar da Fasto Crowther a ƙofar hasumiyar coci, hannu a harɗe.

"Na ji labari. Shida, Holroyd. Ina nan ina ƙirgawa."

Ya kama igiya, tafin hannunsa duk gumi. Ɗaya. Biyu. Ta 'yar taga yana hango layin: mata sun fito bakin ƙofa da ƙullun burodi a hannu, kowa ya san ta wa ake bugawa. Biyar. Shida. Igiyar ta dawo hannunsa da nauyinta, ja ɗaya kawai ya rage ya zama wani mutum. Wallahi ya so. Sai ya saki, kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

"Madalla," in ji Fasto.

Sai ga ƙara daga ƙasan layi, ƙarfe a kan ƙarfe. Maƙerin ƙauyen ne, yana sauke guduma a kan uwar maƙera a hankali, bugu ɗaya sai ya dakata. Ko hayaƙi babu a bututunsa.

Fuskar Fasto ta yi ja. "Me wancan yake yi?"

"Aikinsa, ranka ya daɗe. Takalmin doki, ina jin."

Fasto ya fita da sauri, ya tsaya tsakiyar hanya ya rasa wa zai kama. Matan ba su koma ciki ba. Gervase ya zauna a kan matakala, igiyar na lilo saman kansa, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Goma sha tara. Ashirin.