Takalman Baba Sualihu

"Mu sake, Baba. Likita ya bugo, ya ce yaya jiki. Me za ka ce?"

Baba Sualihu ya gyara zama a bakin gado, ya dubi Shafa'atu kamar ɗalibin da bai yi bita ba. "Zan ce Alhamdulillahi."

"Bayan Alhamdulillahin fa?"

"Da sauƙi."

Shafa'atu ta dafe kai. "Baba, don girman Allah! Ka ce numfashi yana gagararka. Ka ce a zaune kake barci. Nan ƙasar abin da ka faɗa shi ake rubutawa, ba mai duba fuskarka ta waya."

"To, ɗiyana, na ji. Ka bar damuwa." Haka yake ce mata, "ka", irin Hausar zangon Kumasi.

Ƙofofinsu na kallon juna a wani tsohon benen gwamnati a Deptford. Shi malamin makaranta ne a Ghana, amma tun da ya zo Landan takardunsa suka koma kayan ƙasan akwati, ya kama shara da goge-goge a manyan ofisoshin da baƙar fata ba ya wuce mai gadi ko mai tsintsiya. Ita ma nas ce a Kano. Nan an ce sai ta sake jarrabawa, jarrabawar kuwa ta fi ƙarfin albashin mai kula da tsofaffi a gidajensu. Idon aikin dai bai bar ta ba. Ta ga ƙafafunsa sun kumbura har ya sa reza ya tsaga saman takalmansa na aiki, ta kuma ji yadda yake haki a matakala. Ta san zuciya ce, kuma ta san ba ta jira.

Asibiti sun taɓa sa masa rana, suka sake sa wata, duk ya tafi aiki, don a kamfaninsu ranar da ba ka zo ba babu biya, gobe kuma wani ne a gurbinka. Sai aka cire shi daga layi. Abin da ya rage shi ne wannan kiran waya na likita da 'yarsa Nusrat ta samo da kyar. Daga abin da ya faɗa ranar Laraba likita zai yanke ko a gan shi da gaggawa.

Shafa'atu ta roƙi a ba ta Larabar ta zauna kusa da shi, aka ce babu mai canjinta. Nusrat kuwa, wadda ta bar kwaleji ta kama aikin kanti a Stratford don haya, kuka ta sa mata a waya. "Auntie, I can't. An riga an ba ni warning."

Larabar ta sami Shafa'atu a Blackheath, gidan wata tsohuwar Baturiya da take kula da ita. Ɗan tari matar ta kwana da shi, sai ga likitanta na kuɗi har gida. Ya zauna, ya sha shayi, ya saurari ƙirjinta gaba da baya. Shafa'atu ce ta riƙe masa kwat ɗinsa. Ba ta ji haushin tsohuwar ba, baiwar Allah ce mai kirki, amma agogo ta yi ta dubawa har ta tashi aiki.

Da ta dawo gida, ko jaka ba ta ajiye ba ta ƙwanƙwasa wa Baba Sualihu ƙofa. "Baba, ya bugo?"

"Ya bugo. Yaro mai ladabi."

"Me ka ce masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya gaishe ni, ya ce how are you feeling. Na ce much better, thank God."

"Innalillahi! Baba!"

"Ɗiyana, mutum ya gaishe ka, sai ka juye masa ciwo? Ga Allah yana ji, ya ba ni kwana ya ba ni tashi. Bakina ya ƙi."

An ce ya ci gaba da shan magani, a sake magana wata mai zuwa. Ta buga wa asibitin unguwa, aka ce ita ba danginsa ba ce. Ta ce ya tashi su tafi sashen gaggawa, ya ce a can wuni ake yi, a bari ya gama aikin mako.

Ranar Juma'a da rana ta dawo ta tarar da shi a zube a matakala, ya jingina da bango, leɓɓansa sun yi toka. Ta kira motar asibiti, ta durƙusa ta kwance masa wuyan riga, ta zare masa takalma. Duk abin da nas za ta yi da hannu biyu ta yi, ba shi da yawa. Can ya buɗe ido, sai ta ji bakinta ya riga ta.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Hawaye suka zubo mata. "Allah ya ƙara sauƙi," ta ce, don ita ma ba ta san wata amsa ba.

Bai kai asibiti ba.

Da yamma ta hawo benen ita kaɗai. Takalman suna nan inda ta bar su, masu wucewa sun ture su gefe. Ta ɗauka ta kakkaɓe, ta jera su a bakin ƙofarsa yadda yake ajiye su, tsagar rezar tana kallon sama.