Masaukin Gudaji

"Tsoho, matsa gefe, inuwarka tana tare min sabis."

Jikata Rayhana ce tsaye a gindin darbejiyar gidanmu a Gumel. Ta ɗaga waya sama kamar mai miƙa wa raƙumi ganye, kwamfutarta kuma a buɗe kan kifaffen turmi. Na ja tabarmata ina dariya.

"Amarya, har inuwar mutum tana hana abin nan shigowa?"

"Taka dai. Ta tsufa, ta yi kauri."

Tunda ta gama karatu a Kazaure ta dawo gida, sana'arta gina wa mutane shafuka a intanet. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma Allah ya yi ni da son abin mamaki. Na taɓa yin rabin yini ina bin tururuwa don in ga inda take kai ƙwayar gero. Don haka ranar na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

"In kin gama gina shafin kin rufe kwamfutar nan, a ina yake kwana?"

Ta sauke hannu ta dube ni. "Wallahi masu digiri ba su taɓa yi min wannan tambayar ba."

Ta zauna a bakin tabarmar ta yi min bayani. Wai kowane shafi sai an nema masa masauki a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa, don duk wanda ya yi sallama a kowane lokaci ya iske shi. Masaukan kuma iri-iri ne. Akwai zaure guda da ake cusa baƙi ɗari, in ɗaya ya cika hayaniya kowa ya rasa sukuni. Akwai inda za a yanka maka ɗakinka da makullinka. Akwai gida sukutum, na manya. Akwai na kyauta ma, sai dai mai gidan zai liƙe maka bango da tallarsa, kuma ran da ya ga dama ya watso maka kaya waje.

"Na Legas ya fi kusa, shafi ya fi saurin buɗewa," in ji ta. "Na Turai ba ya sanin ɗauke wuta. Kullum abin da nake aunawa ke nan. Akwai ma wanda ake ce wa gajimare."

Na ɗaga kai na dubi sama. Wani ɗan farin gajimare na wucewa ta wajen Gagarawa, na ce a raina wa ya san shafin wa ya ɗauko. Sai kuma abin ya faɗo min.

"Ashe fatoma ne!"

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina fatoma a kasuwar dabbobi ta Maigatari. Fatake daga Damagaram da Tanut a gidana suke sauka. In ba su ɗaki da tuwo, in tsare musu dabbobi, ranar Alhamis in tsaya musu a ciniki. Mai saye bai san baƙo ba, ni ya sani.

Rayhana ta tafa hannu. "Shi ne fa! Ni ma ɗaki na kama a wurin wani babban fatoma, nake sauke baƙina a ciki. Zo ka gani."

Ta buɗe min shafin wani mai riɗi na Gagarawa, da na wata Islamiyya, da na matan da ke saƙar tabarmar kaba. A can ƙasan kowanne, da ƙananan baƙaƙe, na haɗa harafi da harafi har na karanta: Masaukin Gudaji. Sunana ke nan. Gidan nan na Maigatari ya daɗe da rushewa, ashe yarinyar ta sake gina shi a inda ruwan sama ba ya cin bango.

"Kuka za ka yi, ango?"

"Hayaƙin girkinki ne da ba ki iya ba."

*

Bayan sati biyu wani Alhaji Cindo ya zo da farar mota. Yana da gidauniya mai haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse, yana son shafi wanda masu taimako na ƙasashen waje za su gani. Ya ce in aikin ya yi kyau, ƙungiyoyi bakwai na abokansa duk a wurinta za su sauka. Rayhana ta shigo tsakar gida tana rawa da mayafi. Wata uku tana neman babban baƙo irin wannan.

"Wannan ba na zaure ba ne, Tsoho. Ɗaki zan yanka masa, da kwaɗo a ƙofa."

Kwana huɗu tana aiki tana waƙe-waƙe. A rana ta biyar da hantsi ta kira ni in sa albarka. Shafin ya yi kyau, shuɗi kamar ruwan tafki. Ta riƙa wuce min hotuna. Ga famfo da shuɗin tanki, an rubuta yankin Maigatari. Ga wani da koren tanki, yankin Gagarawa. Ga na uku fari, yankin Sule Tankarkar. A kowanne ruwa na zuba, mata na dariya.

"Koma baya," na ce.

Ni ba tankin nake kallo ba. A bayan kowane hoto akwai kuka, reshenta ɗaya ya miƙe ya lanƙwasa ya sake ɗagowa kamar wuyan raƙumi mai shan ruwa. A hoto na biyu rabinta ne ya fito, a na uku reshen kaɗai. Amma na san ta. A ƙauyenmu take, gabas da Sule Tankarkar, inda ƙanwata Hannatu ke zaune har yau. Muna yara ni na raɗa mata suna Raƙuma.

"Amarya, kukar nan guda ce."

"Haba Tsoho, kuka ai kuka ce."

"A wurinku. Fatoma ba ya kallon launin dabba, shaidar da ke jikinta yake dubawa. An taɓa kawo min sa guda sau biyu, karo na biyu an shafe shi da baban rini."

Ta ƙura wa hotunan ido. Ta buɗa su, ta jera su kusa da juna. Waƙar da ke bakinta ta mutu.

*

Washegari muka hau motar haya zuwa Sule Tankarkar, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da mu. Hannatu ta tarbe mu da guɗa, ta kama kunnen Rayhana tana cewa ta ƙwace mata yaya. Aka dama fura, aka yi ta raha. Sai da muka sha na lura ita ba ta sha ba, kuma randarta saura ɗan ƙasa-ƙasa.

Raƙuma na nan yadda na bar ta. A gabanta ga famfon, tankinsa fari. Rayhana ta kankare fentin da farce, kore ya fito, ta ƙara kankarewa, shuɗi ya fito. Ta murɗa kan famfon. Wani ƙadangare ya leƙo daga bututun ya gyaɗa mana kai.

"Ai mu famfon nan albarka gare shi, Yaya," in ji Hannatu tana dariya. "Sau uku ana bikin buɗe shi. Su zo da tankar ruwa su cika shi, a ce mu sa zannuwan Sallah mu yi dariya. Kwana biyu muna wanka kamar amare. Daga nan sai mu koma tsohuwar rijiyarmu ta bayan gonaki."

"Ba a haƙa ba ke nan, Iya?" in ji Rayhana.

"An fara. Suka ce ƙasar ta yi tauri."

A hanyar dawowa Rayhana ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba. Sai da muka hango Gumel ta ce, "Ni fa gini kawai aka ba ni. Ba ni na ɗauki hoton ba."

"Haka ne."

"Mai masauki ai ba ya bincika jakar baƙo."

"Jaka a'a. Amma abin da baƙo zai kai kasuwa da sunanki, wannan kam naki ne."

Muka ƙarasa gida ina tunanin ƙungiyoyi bakwai ɗin nan da rawar da ta yi da mayafi.

*

Ranar Asabar Alhaji Cindo ya zo karɓar aiki. A zaure ta tare shi, ina gefe da carbina. Ta juya masa kwamfutar, hotuna uku a jere, ta zagaye reshen kukar da jan layi.

Ya yi dariya sosai. "Hajiya ƙarama, ai kowa haka yake yi. Su Turawan nan kuka suka sani? Yanke bishiyar daga hoton mana, ba kin iya ba?"

"Na iya, Alhaji. Minti ɗaya ne."

"To, madalla."

"Amma ba zan yanke ba, ɗakin da na yanka maka ba kowa zan bar shi. In an haƙa rijiyar, ka zo, ni zan je in ɗauki hoton da hannuna."

Ya juyo gare ni. "Baba Gudaji, ka yi mata magana. Yarinya ce, ba ta san duniya ba."

"Alhaji, ni na yi murabus. Gidan nata ne yanzu."

Ya kaɗe babbar rigarsa ya fita. Ƙarar motarsa na ɓacewa ta zube a tabarma ta rufe fuska da tafin hannu. Na zaci kuka take, ashe dariya ce.

"Tsoho, ka kore min baƙi takwas a yini ɗaya. Wane irin fatoma ne kai?"

"Irin wanda kika sa sunansa a ƙasan shafi."

Da yamma ta soya mana wainar gero, ta ƙone rabi, muka cinye duka.

*

Ba a yi wata ba shafin ya fito a wani masauki, can wata ƙasa mai sanyi inda ba a san Raƙuma ba. An yanke kukar daga hotunan. Rayhana ta gangara da shi har ƙasa ta nuna min. Babu sunana.

Da muka koma ƙauye bikin sunan jikan Hannatu, Rayhana ta tafi da kwamfutarta, don matan garin sun ce ta gina musu nasu shafin, da kukar a ciki da ƙadangaren. Kafin su fara, Hannatu ta dawo daga rijiya, ta sauke jarka, ta ce a nuna mata hoton da ake ta magana. Aka miƙa mata waya. Ta ga kanta cikin zanen Sallah tana dariya, ruwa na kwarara a hannuwanta.

"Kai, ashe na yi kyau," in ji ta.

Ta ɗora yatsa a kan ruwan da ke gilashin, ta ɗan jima. Sannan ta ɗago yatsan ta duba, ta goge shi a gefen zaninta, ta ɗauki jarka ta biyu.