Shayin Malam Duan Ya Huce

"Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, Shun! A gaban baƙi!"

"Shi ya ce in tura, Yaya."

"Shi ya ce. To da ya ce ka faɗa rijiya fa?"

Shun bai ɗago ba. Hannuwansa na cikin bahon waken suya, yana tsince ɓawon da ya taso saman ruwa. Yaya Pei, babban ɗalibin Malam Duan, ya tsaya a ƙofar shagon awara ya tare haske, yana huci.

Abin da ya faru da safiyar nan bai wuce ƙiftawar ido ba. A farfajiyar ƙaramin ɗakin ibadar da ke gindin Dutsen Wudang, bayan ɗaliban Malam sun gama atisayen tsayuwa, aka shiga turin hannu kamar kullum. Mutum biyu su haɗa wuyan hannu, su yi ta juyawa a hankali, kowa na lalube inda nauyin ɗan'uwansa yake. Wanda ya ɗaga ƙafa an ci shi. Shekara uku Shun yana zuwa, bai taɓa haɗa hannu da Malam ba, sai dai da manyan ɗalibai. Yau Malam ya yafito shi. A juyi na huɗu Shun ya ji wani wuri a gefen hagun tsohon ya yi lagwaɓ, kamar awarar da ba ta gama kamawa ba. Bai yi tunani ba. Ya tura. Malam Duan ya ja baya taku biyu, ya zauna daɓas a kan bencin dutse, ga baƙi daga Wuhan sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto.

"Kana tsammani kai ka gano raunin gwiwar hagun nan tasa?" in ji Pei. Muryarsa ta sauka. "Ni na goya shi a bayana har bakin titi ranar da ciwo ya kayar da shi. Duk mun san wurin. Kowa in hannunsa ya kai nan sai ya janye, ya bari Malam ya jefar da shi. Haka ake yi wa uba."

"Ƙarya kuke yi masa ke nan."

"Mutuncinsa muke tsarewa, ɗan awara kawai. Me ka sani?" Ya matso. "Gobe zai sake kiranka, na san halinsa. Ka faɗi. Faɗuwa mai kyau, wadda baƙin nan za su gani da idonsu. In ba haka ba, jibi ka shanye shayinka kai kaɗai."

Daga ciki, inda take tace madarar wake, uwar Shun ta ɗaga murya. "Pei, ka kore mini masu saye da ihunka. Ɗauki yanka biyu ka kai wa matarka, ta fi ka hankali."

Pei ya ɗauka, ya yi godiya ciki-ciki, ya fita.

Jibi. Shun ya tsame hannuwansa ya tsaya yana kallonsu. Jibi ne zai durƙusa ya miƙa wa Malam shayi da hannu biyu. In Malam ya sha, ya zama ɗan gida, a rubuta sunansa ƙarƙashin sunayen waɗanda suka gabata, a buɗe masa abin da ba a koya wa 'yan farfajiya. In bai sha ba, shi ke nan. Ba a miƙawa sau biyu.

Amma ba sunan ne ya fi damunsa ba. Ya san ko wane ne shi kafin ya haɗu da tsohon nan. Shekarar da babansa ya rasu, babu satin da bai yi dambe a kasuwa ba. Ya fasa wa wani mai taliya hanci a kan wurin ajiye amalanke. A ranar Malam Duan na tsaye yana jiran awara, gashinsa a ƙulle a tsakar ka, da 'yar jakarsa. Ya jira ƙura ta lafa, ya danna awarar da yatsa ɗaya, ya ce, "Wannan ta kwana, ka ce mini ta yau ce." Sannan ya dubi ƙafafun Shun. "Hannunka na da sauri. Ƙafarka ba ta san inda take ba. Ka zo gobe da sassafe."

Shun ya je ne da nufin koyon duka. Aka tsayar da shi ƙarƙashin bishiya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a zagaye kamar ya rungumi randa. Wata shida ba a koya masa komai ba sai wannan. Cinyoyinsa na rawa, zufa na shiga ido, duk wanda ya taɓa ɓata masa rai ya zo ya tsaya a gabansa. Har babansa, da ya tafi ya bar masa shago da uwa. Malam sai ya wuce ta bayansa, ya taɓa kafaɗarsa, ya ce, "Sauke." Kalma ɗaya. Ya yi ta saukewa har wata rana ya ji numfashinsa ya kai ƙasan cibiya, ya ji kukan tsuntsayen da ashe kullum suna nan. Tun daga lokacin bai sake ɗaga wa kowa hannu ba. Awarar da ta kwana kuma sai ya ware ta gefe, ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Wannan mutumin ne Shun ya zaunar a kan dutse a gaban baƙi. Ya koma kan waken, ya ci gaba da tsincewa har babu sauran ɓawo.

Washegari raɓa ta jiƙa farfajiya. Suka yi tsayuwa, su goma sha ɗaya, amma zuciyar Shun ba ta zauna ba ko na numfashi ɗaya. Da aka gama, Malam Duan ya fito tsakiya yana naɗe hannun riga. Fuskarsa a sake, idonsa na ƙyalli, kamar mai ɓoye tsaraba a bayansa.

"Mai awara, zo."

Suka haɗa hannu. Shun ya lura ƙafar hagun Malam ta ɗan karkata waje, ba kamar jiya ba. Bai bi ta kai ba. Bai nemi komai ba. Ya bar hannunsa ya zama fanko, da ya ji tafin Malam ya ɗan motsa a ƙirjinsa, sai ya cilla kansa baya. Taku uku, ya faɗi a gindin bishiya, har ya ƙara da birgima.

Baƙi suka tafa. Wata mata ta ce, "Kai, ko taɓa shi bai yi ba!" Pei ya gyaɗa masa kai daga nesa.

Malam Duan bai motsa ba. Hannunsa na nan a sama inda ƙirjin Shun yake ɗazu. Ya juya tafin ya duba. Sannan ya cusa shi cikin hannun riga, ya wuce bayan ɗakin ibada inda 'yar gonarsa ta kabeji take. Bai sake fitowa ba ranar.

"Ka kyauta," Pei ya ce masa a hanya, yana kakkaɓe masa baya. "Ka ga? Ba wanda ya mutu."

Shun ya ci gaba da tafiya. Gwiwar hannunsa ta goge, amma ba nan ke masa zafi ba.

Ranar shayi uwarsa ta goge masa riga, ta bi shi har ƙofa tana gyara wuyanta. "Kada ka zubar wa tsoho a jiki, na san hannunka."

A ɗakin ibada an kunna turare sanda uku gaban allunan da ke ɗauke da sunayen malaman da suka shuɗe. Malam Duan na zaune a kujerar katako cikin shuɗiyar riga, ɗalibai sun jeru hagu da dama. Shun ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa sau uku. Pei ya zuba shayi ya ba shi. Ya ɗaga kofin da hannu biyu, sama da kansa.

"Malam, ga shayi."

Malam bai miƙo hannu ba.

Tururi na tashi daga kofin. Ya ragu. Ya ɗauke. Wani ya yi tari ya haɗiye sauran. Shun na kallon takalmin Malam, baƙin takalmin ƙyalle da ya sha ɗinki. Ya ce a ransa, ko a nan aka tsaya, abin da tsohon nan ya ba ni ya isa. Ya faɗa wa kansa haka, kuma gaskiya ne.

"Shekara uku ina cin awararka," Malam ya ce a hankali. "Sau ɗaya ka ba ni wadda ta kwana ka ce ta yau ce. Jiya ka sake."

Shun ya runtse ido.

"Shekaranjiya da ka zaunar da ni, ka san me na yi? Na koma bayan kabeji na tsaya har rana ta karkata. Ina neman inda gwiwar nan take yi mini ƙarya. Na same shi. Ashe tun da na tashi daga ciwo nake ɗora nauyi a kan diddige ban sani ba. Na kwana da murna kamar yaron da aka saya wa takalmi. Da safe na kawo gyaran in gwada a hannunka." Ya ja numfashi. "Na miƙa hannu, na tarar babu kowa a wurin."

"Malam, laifina ne," Pei ya fara.

"Kai kuma zan zo kanka. Shun, ajiye kofin. Tashi."

Ya ajiye a ƙasa, ya miƙe, ƙafafunsa sun yi tsami. Malam ya sauko daga kujera a hankali, ya tsaya a gaban allunan, ya miƙo wuyan hannu.

"A nan, Malam?"

"Su ma su gani. Sun sha faɗuwa a zamaninsu."

Suka haɗa. Fatar tsohon sanyi, ƙashin kamar sandar gora. Shun na jin idon Pei a ƙeyarsa, yana roƙo. Juyi ɗaya, biyu. Kafaɗunsa sun hau har kunne.

"Sauke," in ji Malam.

Ya sauke. Numfashi ya koma inda ya saba zama. Ya daina jin ɗakin, sai hannun da ke jingine da nasa. Ya nemi wurin nan na hagu. Ba ya nan. Ya bi inda yake tsammani, sai ya ji kamar ya taka matakalar da babu, saura kaɗan shi kansa ya tafi. Ya dawo da nauyinsa da ƙyar. Wani daɗi ya kama shi, har ya kusa dariya. Suka ci gaba. Can a juyi na tara ko na goma ya ji shi, ƙarami ƙwarai, ya koma ƙasa kusa da idon sawu. Zuciyarsa ta ce bar shi. Ya tuna tafin hannun nan a sama, babu kowa a gabansa.

Ya tura da gaske.

Malam Duan ya ja baya taku ɗaya. Ya tsaya a kan ƙafafunsa. Rigarsa ta taɓa teburin turare, toka ta ɗan zubo.

Sai tsohon ya fashe da dariya, irin wadda ba su ji ba tun kafin ciwonsa, har da dafa ƙugu.

"Shekaranjiya biyu, yau ɗaya! Idon sawu ko? Na ji shi, ja'iri. Ba ni wata guda, za ka ci ƙasar farfajiyar nan, kuma ba da dabararka ba." Ya koma ya zauna yana haki. "Ina shayina?"

Shun ya zube a gwiwa, ya ɗauki kofin. "Ya huce, Malam. Bari a sake."

"Ni na sa ya huce. Kawo."

Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas, har ganyen da ya kwanta a ƙasa. Shun ya kai goshi ƙasa, ya daɗe a haka, don kada a ga fuskarsa. Ya ji tafin Malam a kan kafaɗarsa, daidai inda ya saba taɓawa, amma wannan karon bai ce "Sauke" ba.

Da ya ɗago, Malam na kallon sauran. Ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan Pei. Babu fushi a idonsa. Pei, mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai.

"Pei, ɗana. Bayanka ne ya kai ni asibiti, ban manta ba, ba kuma zan manta ba." Malam ya juya kofin da babu komai a tafinsa. "Amma ku faɗa mini, ku duka. Shekara nawa ke nan ina tura iska ni kaɗai a farfajiyar nan?"