Shaidar Da Aka Shanye

"Da ruwa a nonon nan," in ji Shitu duba-gari, alhali ko faifan da ke kan ƙwaryar bai ɗaga ba.

Yelwa ta dube shi daga hula har takalmi. Shekara ashirin tana sauke ƙwarya a gindin tsamiyar nan ta bakin kasuwa, ba wanda ya taɓa faɗa mata haka. Kindirmonta idan ka soka ludayi tsayawa yake, kowa ya sani. Shitu ma ya sani. Laifinta ɗaya: kasuwar da ta wuce ya miƙo hannu a ba shi curin man shanu kyauta, ta ce masa sayarwa take.

Lokacin soja ne, ana ta yaƙi da rashin ɗa'a, mai kaki ya nuna ka da yatsa ka zama mai laifi. Kafin azahar ƙwaryar tana ɗakin ajiyar kotu, an manna mata takarda, an ce kayan shaida ce. Yelwa kuwa aka ce ta dawo jibi.

* * *

A rugarsu ta bayan Fulatan, mijinta Jibo ya yi ta lallashi.

"Ki amsa laifin kawai, Yelwa. Kowa haka yake yi. Alƙali ya yanka 'yar tara, ki ɗauko ƙwaryarki. Wanda ya ja, ɗage masa shari'a ake yi har takalminsa ya cinye."

"In buɗe baki in ce na surka nono? A kunnen mutane?" Ranta ya ɓaci sosai. "Gobe wa zai sha nawa? Goggo ce ta bar min ƙwaryar nan, ita ma ba ta taɓa zuba mata ruwa ba sai na wanki."

Jibo bai yi ƙarya ba. Ta je jibin, aka ce alƙali ya tafi gaisuwar mutuwa Ƙaraye. Ta koma, aka ce muhuti, magatakardan kotu, ya tafi da makulli. Kasuwa biyu ta wuce, wata ta kafa tata ƙwaryar a gindin tsamiya, ana ta raɗa cewa ashe Yelwa ma tana yi. Wannan raɗar ta fi tafiyar ƙafar ci mata rai.

* * *

A zuwa na huɗu aka kira ta. Mutum uku ne gabanta: mai akuyar da ta shiga gonar gyaɗa, mai keken da ba fitila, da dattijon da bai share ƙofar gida ba. Duk suka amsa laifi tun ba a gama karanta musu ba.

"Kin amsa?" in ji alƙali, idonsa na kan takarda.

"Allah ya gafarta malam, ban amsa ba. A kawo nonon a gani."

Alƙali ya ɗago kai. "Lado, kawo kayan shaida."

Lado masinjan kotu ya tafi kamar mai ƙaya a ƙafa. Ya dawo ya dire ƙwaryar a hankali. Alƙali ya ɗaga faifai da kan alƙalami. Wayam. An suɗe ta tas, har sheƙi take.

Shitu ya yi caraf: "Ai ya lalace ne aka zubar."

"Wanda aka zubar ba ya barin ƙwarya haka," in ji Yelwa. "Wannan aikin yatsa ne. Allah ya gafarta malam, na yafe wa wanda ya sha. Amma tunda shaidata tana cikinsa, ya tashi ya faɗi abin da ya ji a bakinsa, don Allah."

Muhuti ya duƙufa kan takarda kamar yau ya fara ganin rubutu. Lado ya share zufa da hula.

"Ni dai, tsakanina da Allah," ya ce, "ludayi tsayawa ya yi. Muhuti ma sai da ya ƙara."

Dariya ta ɓarke har tagogi. Alƙali ya buga tebur, ya ce babu shaida, an sallame ta. Bai tambayi Shitu komai ba, bai kuma tambayi kowa yadda aka yi ba. Ya ce a kira na gaba.

Yelwa ta ɓamɓare takardar da kanta, ta naɗa gammo, ta aza ƙwaryar Goggo a ka. Ta fito wuya a miƙe, alfahari ya cika mata ƙirji, tana jin 'yan kallo na maimaita maganar Lado. Kafin ranar kasuwa ta san maganar za ta isa gindin tsamiya.

A baranda ta wuce ƙofar ɗakin ajiya. Ƙore uku ne jere a ƙasa, kowace da takardarta, masu su na zaune a rana suna jiran a kira su su amsa laifi. A jikin bango, kan ƙusa, ludayi ne rataye, bai ko bushe ba.