Ruwan Lagireto a Shagon Aski

Mai askin nan ya ci amanar yayansa. Ba yunwa ce ta sa shi ba, dabara ce, kuma wannan ya fi muni.

Yayan haƙar rijiya yake yi. In ka cire mata da 'ya'ya, duk abin da ya mallaka a duniya tsohuwar jif ce mai shan dizal, mai ja da tayoyi huɗu, wadda ke kai shi da kayan aikinsa inda ƙaramar mota ba ta isa ta leƙa ba. Da ta tsufa sai ta tsiro da wani hali: a cika mata lagireto da safe, kafin rana ta take ta shanye ruwan, allurar zafi ta haye ja. Ana cikin haka yayan ya zame a bakin rami ya karye a ƙafa. Daga kan gado ya miƙa wa ƙaninsa makulli, ya ce a kai ta gareji a gano inda ruwan ke tafiya, domin ranar da ya miƙe, in babu motar nan, ba za a ɗora tukunya a gidansa ba.

Mai aski ya kai ta. Bakanike ya jira ta ɗan huce, sannan ya bi ta daki-daki. Ya matsa kowane tiyo, babu tsaga. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe. Fambel, wato bel ɗin fanka, bai saki ba, famfon ruwa ba ya hawaye, murfin lagireto da sauran ƙarfinsa. Sai ya cika ruwa, ya bar murfin a buɗe, ya tayar da inji. Kumfa ta dinga tasowa kamar wani na hura iska daga ƙasa, salansa kuma na fitar da farin hayaƙi mai danshi.

"Gaskit ɗin kan inji ya ƙone," in ji bakanike. "Ruwan ba zuba yake yi ba, injin ne ke shanye shi ya fitar ta salansa. A sauke kai a canza. Kafin nan kada a tayar da ita ko don jin muryarta."

Mai aski ya ji da kunne ɗaya. Idonsa na kan kwanon da bakanike ya tara, ya buɗe 'yar ƙofar da ke gindin lagireto, ruwa na zuba yana tururi. Ya tuna shagonsa, inda wuta ke ɗaukewa butar dafa ruwa ta mutu, ya aske mutum da ruwan sanyi ana yi masa tsaki. Ya ce zai je ya yi shawara da Yaya ya dawo.

Bai dawo ba. Ya ajiye motar a bayan shago, ƙarƙashin taga, ya jona tiyo daga gindin lagireto ya zuro shi ciki har bakin baho. Ya gaya wa kansa cewa motar dai zafi take yi ko an so ko ba a so, barin zafin ya tafi a banza almubazzaranci ne. Haka mai cin amana yake, hujja ba ta taɓa yanke masa.

Ruwan ja-ja ne saboda tsatsa. Wani tsohon direban bas mai farin gemu aka fara ɗora wa tawul ɗin da aka tsoma a ruwan. Ya tashi da gemu ruwan ƙasa, babu furfura ko ɗaya, ya je gida matarsa ta kasa gane shi a ƙofa, washegari ya dawo da abokansa. Nan da nan tsofaffi suka yi layi har bakin titi. Mai aski ya ce haɗi ne na musamman, ba a faɗin sirrinsa. In ruwa ya ƙare ya zagaya baya da bokiti ya ƙara, tururi na dukan fuskarsa.

Matarsa ta ce, "Baban yara, motar Yaya ce fa."

Ya ce motsa jiki take yi, mota in ta zauna wuri ɗaya lalacewa take. Yayan kuwa, duk sanda ya tambaya, sai a ce masa tana gareji ana jiran kaya.

Wata rana bakanike ya zo wucewa, ya ji ƙarar, ya shigo ransa a ɓace yana cewa injin nan zai buga. Mai aski ya karkaɗe masa kujera, ya ce ya zauna tukuna, yau kyauta ne. Bakanike ya fita da jan gashin baki, yana waiwayen madubi, bai sake cewa uffan ba. Shi ma yana da kasonsa a laifin nan.

Injin ya yi ta faɗin halin da yake ciki, babu mai saurare. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Allura ta kwanta a kan ja ta ƙi tashi, sai mai aski ya shanya tawul a kanta. Ruwan ya fara maiƙo, gemuna suka fara sheƙi, tsofaffi suka ce an ƙara inganta haɗin.

Ranar da yayan ya fara taka ƙafa, ya dogara sanda ya nufi shagon, domin gemu ya cika masa fuska a kwanciya. Makulli na jikin mota, shago cike da mutane, babu halin mai aski ya zagaya ya kashe ta. Tsofaffi suka matsa wa mai jinya ya fara shiga. Ya zauna, ya tambayi ƙarar mece ce wannan a bayan bango. Aka ce janareton maƙwabci ne.

Mai aski ya so ya yi masa da ruwan sanyi, tsohon direban bas ya ce ashe ɗan'uwanka za ka yi wa rowa? Dole ya tsoma tawul a baho, ya matse, ya lulluɓe fuskar yayansa. Yayan ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja.

"Ƙanena," ya ce daga ƙarƙashin tawul, "janareton maƙwabcinka warin motata yake yi. Kuma tarin nan da yake yi, na fi saninsa da muryar matata."

Mai aski ya buɗe baki zai yi bayani. Injin ya riga shi. Ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya da guduma, ya yi wata girgiza da ta karkata madubin bango, ya yi tsit. Tururi ya shigo ta taga ya cika shagon. Wani tsoho daga ƙarshen layi ya tambaya ko haɗin ya ƙare ne na yau.

Aka kira bakanike. Ya zo yana rufe gashin bakinsa da hannu, ya duba, ya ce kan inji ya tsage, fistin ya kama, sai dai a nemi wani injin.

Yayan bai daki ƙaninsa ba, bai zage shi ba. Ya sayar da kujerun shagon da madubi da injinan aski, kuɗin bai kai na injin mota ba. Yanzu mai aski ne ke tura kayan haƙa a amalanke zuwa duk inda aka samu aiki, kuma in an isa, shi ke shiga ramin.